Martani: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Kan Tsofaffin Baburan Zango

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwanmu ya rubuta kwanan baya a kan tsofaffin baburan da suka rage a Nima da Maamobi da sauran unguwannin Zango na Accra. Sau biyu na karanta ta, na farko a tsaye, na biyu a zaune da kofin ataya, don kada in yi wa Malam gaggawa. Ya iya rubutu, kuma da jin maganarsa ka san ya taɓa tura babur da rana tsaka. Sai dai hukuncin da ya yanke bai zauna mini ba, shi ya sa na ɗauki nawa alƙalamin.

Ga wanda bai gani ba, abubuwa uku ya faɗa. Na ɗaya, wai duk babur ɗin da har yanzu yake aiki da kwantak da kwandensa zamani ya wuce shi, kuma rashin wutar da ke addabar irin waɗannan babura daga nan yake tasowa. Na biyu, wai mai irin wannan babur hanya biyu gare shi: ko ya farke kayan wutar ya sa akwatin CDI, ko ya kira 'yan kwandam su auna su ba shi abin da ya samu, ya cika ya sayi sabo a Caprice. Na uku, wai kanikawanmu, waɗanda a nan muke kira fita, lalube kawai suke yi cikin duhu, don haka duk sidin da aka kai musu a kan tsohon babur kamar an watsa shi ne a babbar kwatar nan da ta raba Nima da Maamobi.

Inda muka yi tarayya

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. CDI ya fi kwantak sauƙin zama. Babu abin da ke gogar wani a cikinsa, ba ya cinyewa, ba ya neman a riƙa saita shi duk bayan 'yan watanni. Kamfanonin Japan ba da wasa suka koma kansa ba: Kawasaki ya sa shi a babur ɗinsa mai silinda uku, H1, tun 1969, Honda kuma ya mayar da ƙananan baburansa na Cub kan wannan tsari a farkon shekarun 1980. Ɗan okadan da ke fita tun asuba, yana kai-komo tsakanin Circle da Madina har bayan isha'i, ba zan ce masa ya nemi babur ɗin 1978 ba. Shi burinsa ya buga ya tashi. Gaskiya ne kuma kwandensa mai kyau ta yi wuya a kasuwa, wani lokaci sai ka sayi biyu ko uku kafin ka dace da wadda za ta jure zafi. Har maganar lalube ma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma zan dawo kanta.

Inda muka raba hanya shi ne Malam ya ɗauki rashin wuta ciwo ɗaya ne mai magani ɗaya. Rashin wuta alama ce kawai, kamar zazzaɓi. Zazzaɓi na iya zama na cizon sauro, yana iya zama taifot, yana iya zama haƙori ne ya ruɓe. Ko a asibitin Maamobi sai an ɗebi jini an gwada kafin a rubuta magani. Likitan da duk wanda ya shigo da zafin jiki zai ce a cire masa haƙori, wata rana zai dace, amma kafin ranar ta zo zai bar unguwa cike da masu giɓi, zazzaɓinsu kuma yana nan.

Tasha goma

Kafin a ce wane ne mai laifi, ya kamata a san hanyar da wutar ke bi. A babur irin Honda CG125 na farko-farko, ko Yamaha YB100, ko Suzuki A100, wutar fulogi ba daga batir take zuwa ba. A gefen injin akwai wani ƙarfe mai nauyi kamar kwano, wanda kanikawa ke kira magneto, da maganaɗisu manne a cikinsa. In ka buga kik ya juya, maganaɗisun ya gifta ta gaban wani ƙaramin naɗin waya, sai wuta ta samu. Muddin bakin kwantak na rufe, wutar zurarewa take ta koma jikin injin. Da zarar ɗan tudun da ke tsakiyar magneton ya ture ƙafar kwantak, bakin ya buɗe, sai ta rasa gajeriyar hanya, ta faɗa cikin koyil ɗin da ke ƙarƙashin tanki. Koyil naɗi biyu ne, ɗaya mai kaurin waya, ɗaya siriri mai dubban zagaye, kuma shi ke ɗaga 'yar wutar nan har ta haura volt 10,000. Daga nan ta bi wayar fulogi, ta ratsa kaf, ta tsallaka 'yar tazarar bakin fulogi, ta kunna mai. Kwandensa kuwa aikinta ta shanye tartsatsin da ke son tsallaka bakin kwantak lokacin da yake buɗewa, don kada ya ƙone shi, kada kuma ƙarfin ya ƙare a can. Bayan an gama, wutar ta jikin ƙarfen babur take komawa gida. Makulli a irin wannan babur kashewa ce sana'arsa: in ka murɗa ka kashe, wata waya yake haɗawa da jikin babur, wutar ta zurare kafin ta kai koyil. Manya irin su Honda CD175 daga batir suke ɗiba, amma sauran hanyar kusan duk ɗaya ce.

To mu ƙirga. Naɗin cikin magneto, kwantak, kwandensa, wayoyi da mahaɗansu, gidan makulli, koyil, wayar fulogi, kaf, fulogi, sai hanyar komawa ta jikin ƙarfe. Tasha goma ke nan, kuma kowace ɗaya na iya tare wuta. Wanda ya sa CDI uku ya taɓa, in ya haɗa da koyil huɗu. Sauran shida suna nan yadda suke, da tsatsarsu da laimarsu. Wannan lissafin ne ban gani ba a maƙalar Malam.

Ga kuma garin da muke ciki. Accra a bakin teku take, iskarta ɗauke da gishiri da danshi. Daga Afrilu zuwa Yuli ga babbar damina, wajen Oktoba ga ƙarama. Gidajen Zango kuwa, wanda ya san lungunanmu ya san ba kowa ke da inda zai shigar da babur ba. A tsakar gida yake kwana, ko a ƙofar shago. A irin wannan wuri, abin da ke fara cin kayan wuta shi ne kore-koren tsatsar da ke kama jan ƙarfe a mahaɗai. Ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ba ta tambayi babur ko ɗaya shekarunsa ba: sabo da tsoho duk ta kwantar.

Babur ɗin Kawu

Gani ya kori ji. Kawuna tela ne a kusa da kasuwar Nima, kuma yana da CG125 ɗin da na buɗe ido na gan shi da shi. Wata damina babur ya fara gardama. Wata safiyar bugu ɗaya ya tashi, wata safiyar Kawu ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa masa jallabiya, ko tari ba zai yi ba. In aka bar shi zuwa azahar, sai ya tashi kamar ba shi ba.

Aka kai wa wani bakanike matashi. Ya canza fulogi. Bayan kwana huɗu aka koma, ya ce batir ne, aka sayi batir, alhali batir ɗin wannan babur ba ruwansa da fulogi, hon da sigina yake yi wa aiki. Aka wanke kafireto sau biyu. Daga ƙarshe ya faɗi irin maganar da Malam ya rubuta: "Alhaji, kwantak ɗin nan ya gaji, mu sa CDI ka huta." Aka sayo kaya, aka farke, aka ɗaura. Kwana goma babur yana tashi lafiya lau, Kawu har yana yi wa abokansa wa'azin zamani. Ashe kwana goman nan sama ce ta ɗauke. Daren da aka kwana ana ruwa, da safe aka koma gidan jiya. Abokansa na majalisa suka samu abin tsokana, suna cewa CDI ya ci sidi, ciwo kuma ya ƙi biyan haya ya tashi.

Ni na tura masa babur ɗin zuwa wani lungu a Maamobi, wurin wani dattijon bakanike da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano. Bai taɓa sufana ba sai da ya gama tambaya.

"Alhaji, yaushe yake ƙin tashi?"

"Da safe, Masta."

"Kowace safiya?"

Kawu ya yi shiru yana lissafi, can ya ce, "Wadda aka kwana ana ruwa."

"A ina yake kwana?"

"A tsakar gida, jikin bango."

"Ƙarƙashin bakin kwano ke nan."

Ya cire fulogi, ya mayar da shi cikin kaf, ya jingina shi a jikin injin, ya ce mini, "Ɗana, buga." Na buga. Wani ɗan jan tartsatsi ya leƙo ya koma. Ya kwance fitilar gaba, ya sa yatsa cikin tarin wayoyin nan, ya zaro wata baƙa mai ratsin fari, ya raba ta da mahaɗinta. "Sake bugawa." Sai ga wuta shuɗiya tana ƙas-ƙas-ƙas, ana jin ta daga bakin rumfa. Ya kwance gidan makulli ya girgiza shi a tafin hannunsa, ruwa ya ɗigo, cikin duk ya yi kore shar. Ruwan da ke zuba daga bakin kwano ta ramin makulli yake shiga, ya haɗu da tsatsa, ya yi wa wayar kashewa gada zuwa jikin babur. Wato duk safiyar da aka kwana ana ruwa, babur ɗin a kashe yake ko da makulli na kunne. Rana ta ɗaga, ruwan ya bushe, gadar ta karye, ya tashi.

Ya wanke, ya goge da sanfefa, ya shanya a rana, ya shafa ɗan giris, ya mayar. Ya kuma kwance koyil ya kankare tsatsar da ke mazauninsa har ƙarfe ya yi fari. Sannan ya ce, "Ina kayansa na asali?" Kawu ya ciro su daga leda. Dattijon ya ɗaga kwantak ɗin ya duba a hasken rana, ya buɗe bakin ya saki, ya girgiza kai. "Wannan lafiyarsa ƙalau, Alhaji. Mai lafiya aka yi wa tiyata." Kuɗin da ya karɓa bai kai na fulogi biyu ba. Maganin da ya rubuta wa Kawu shi ne ya matsar da babur daga bakin kwano, ya riƙa rufe kansa da leda.

Malam zai ce labari ɗaya ne. Haka ne. Amma labarin ya nuna abin da lissafin tasha goma ya riga ya faɗa: an canza uku, ciwon yana ta biyar.

Yadda ake neman ciwon

Abin da dattijon nan ya yi ba duba ba ne, ba kuma sa'a ba. Tsari ne, kuma kowa na iya koyonsa. Ƙa'idarsa ita ce a fara daga waje zuwa ciki, daga mai araha zuwa mai tsada, kuma kada a taɓa abu biyu a lokaci ɗaya, don in babur ya tashi a san wane ne ya tashe shi.

Matakin farko baki ne. Lokacin da babur ke mutuwa shi ne rabin amsar. Wanda ke ƙin tashi bayan ruwa, a nemi laima a makulli da kaf da mahaɗai. Wanda ke tashi lafiya da sanyi, sai ya yi tafiyar rubu'in awa ya fara shaƙewa ya mutu, ya huce ya sake tashi, a zargi koyil ko kwandensa, don su ne zafi ke tona wa asiri. Wanda ke ɗaukewa in an karya kan ko an faɗa rami, waya ce ta karye a cikin rigarta, galibi a wuyan babur inda take lanƙwasawa kullum. Wanda kuma ya yi harbi da baya ya mayar wa mai shi kik a ƙafa, daga nan ya ƙi tashi ko da wuta na zuwa, a duba ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke riƙe magneto a mazauninsa. In ya yanke, wuta za ta zo amma ba a kan lokaci ba.

Na biyu, a tabbatar wutar ce ma. Injin abu uku yake nema: mai, matsi, da wuta a kan lokaci. Fulogin da ya fito a bushe ƙayau bayan an yi ta bugu, mai ne bai iso ba. In ka toshe ramin fulogi da babban yatsa aka buga kik bai ture yatsan ba, matsi ne ya gudu, a nemi ringi ko bawul. Da yawa an sayi koyil a kan laifin famfon tanki.

Na uku, fulogi. Launinsa wasiƙa ce daga cikin injin. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi mai gari-gari, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawa. Fari fat, zafi ya yi yawa. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan ƙananan injuna milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa: wuta a sarari tana yaudara. Tsallaka tazara a cikin iskar waje abu ne mai sauƙi, amma a cikin silinda, inda fistin ya matse iska, sai da ƙarfi ninkin haka. Saboda haka gwajin gaskiya shi ne a cire kaf, a riƙe tsirarar wayar da filaya mai rigar roba, a nesanta ta da jikin injin kamar milimita 6. Wutar da ta tsallaka wannan, shuɗiya mai ƙara, ta isa. A kuma kauce wa ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba.

Na huɗu, kaf da wayarsa. Kaf mai hana ƙara a rediyo yana da abin rage wuta a ciki, wanda in an ɗora mita zai nuna kusan om 5,000. In mita ta yi shiru, ya mutu. Sau da yawa ma bakin wayar ne ya ruɓe, a datse kamar santimita ɗaya a sake murɗa kaf, shi ke nan. In ana zargin wayar na yoyo, a tada babur a cikin duhu, za a ga tartsatsi na tsalle inda rigar ta tsage.

Na biyar da na shida su ne abin da ya ceci Kawu: a raba wayar kashewa a gani, sannan a kankare duk inda wuta ke komawa ta jikin ƙarfe. A yawancin baburan Honda koriyar waya ce ta komawa, baƙa mai ratsin fari ce ta kashewa.

Sai bayan duk wannan a zo kan kwantak. Ta tagar magneto ake ganinsa. In ya buɗe iyakar buɗewarsa, tazarar milimita 0.3 zuwa 0.4 ake nema. Ƙafarsa da ke gogar tudu tana cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, wuta ta riƙa makara, babur ya yi nauyi ya ƙi ja. Wannan shi ne abin da mutane ke kira gajiya, kuma minti goma ya isa a gyara shi. A jikin magneton Honda akwai alamomi biyu, T da F. T ta saitin bawul ce. F ita ce ta wuta: daidai lokacin da ta zo kan ɗan layin da ke jikin injin, a nan bakin kwantak ya kamata ya fara rabuwa. Tsofaffin kanikawa siririyar takardar cikin kwalin sigari suke sakawa a bakin, suna ja a hankali suna juya magneto. Inda takardar ta kuɓuce, nan ne ya buɗe. A goge bakin da sanfefa mai laushi, a bi da tsabtatacciyar takarda don ko ɗigon maiƙo kan hana wuta, a ɗiga ɗigo ɗaya na mai a kan ɗan audugar da ke shafa tudun.

Kwandensa ma ba ta ɓoye laifinta. In ta mutu, za ka ga tartsatsi mai yawa yana tashi a bakin kwantak, bakin ya ƙone ya yi ramuka, injin ya riƙa ɓarin wuta in an ja mai. Koyil da naɗin ciki su ne na ƙarshe, kuma da mita ake auna su, da sanyi da kuma bayan sun ɗau zafi.

Ina lalube a cikin wannan?

Abin da Malam bai faɗa ba game da CDI

Kwantak, da duk wahalarsa, a fili yake. Ciwonsa ana ganinsa da ido, kuma ba ya faɗuwa rana ɗaya, sai ya yi ta ba da sanarwa. In ya tsaya maka a hanyar Nsawam, da sukudireba da guntun sanfefa za ka iso gida. CDI akwati ne da aka cika da ƙaro aka toshe. Ranar da ya mutu, ba a buɗe shi, ba a lallashinsa. Gwajinsa a bakin hanya ɗaya ne, a samo wani a sa.

Ga shi kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai cin wutar magneto kai tsaye, akwai mai cin ta batir, kuma sukan yi kama har a bakin mahaɗi. In aka sa wannan a gurbin wancan, ko dai ba wuta, ko a ƙona sabon kaya. Kowane akwati kuma an tsara masa yadda zai riƙa gaggauta wuta in gudu ya ƙaru, gwargwadon injin da aka yi shi dominsa. Na injin mai bawul daban, na mai cin haɗin mai da baƙin mai irin YB100 daban. In wutar ta riƙa riga lokacinta, kik zai riƙa harbi, injin ya yi ta ƙwanƙwasa yana zafi, in aka matsa har fistin kan huje. CDI yana kuma buƙatar abin da zai gaya masa lokacin sakin wuta, wanda sau da yawa kan tilasta a canza magneton ɗungurungum. Wannan aiki ne na wanda ya san taimin. To in kanikawanmu 'yan lalube ne kamar yadda Malam ya ce, wa zai yi masa wannan aikin? Ya ce ba su iya saita ƙusa ɗaya ba, sannan ya miƙa musu babbar tiyata.

Batun zamani ya wuce kuwa, a leƙa filin jirgi. Ƙananan jiragen sama masu injin fistin, irin Cessna 172 da ake koyon tuƙi da su a duniya, akasarinsu har gobe da magneto biyu suke tashi, kowanne da kwantak da kwandensa a cikinsa. An riƙe su ne saboda ba sa jiran batir, kuma ana duba su a kan ƙa'ida. Dabarar ta girmi kowa a cikinmu, tun 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da magneto mai ƙarfin kunna fulogi. Abin da ake yarda da shi a sararin sama bai kamata a ce ya kasa kai tela daga Maamobi zuwa Kanda ba. Bambancin kulawa ce.

Ban ce kada a taɓa sa CDI ba. In tudun magneto ya cinye, ko maganaɗisu ya yi sanyi, ko an nemi kwantak mai kyau an rasa, a sa, kuma a sa wanda ya dace. Amma bayan an gano ciwon.

Wa ya koya musu lalube?

Na ce zan dawo kan wannan. E, akwai masu canje-canje har a dace. Amma Malam ya tambayi kansa daga ina suka samo halin. Mu masu babura ne muka yi rabin tarbiyyar. In bakanike ya ɓata awa guda yana bin waya, ya gano tsatsa ya kankare, tambayar farko da za mu yi masa ita ce, "Me ka canza?" In ya ce ba komai, sai mu miƙa masa kuɗin koko da ƙosai. In kuwa ya nuna mana tsohon koyil a ƙasa da kwalin sabo, sai mu biya ba gardama. Mun nuna masa ƙarfe muke saye, ba ma sayen tunani. Ya kuwa ɗauki darasi.

Ɗaya rabin kuma zamanin akwatin ne ya kawo shi. Yaron da ya fara koyon aiki a kan baburan da komai nasu a toshe yake, hanya ɗaya ya sani: cire, sa wani. Wanda ya koya a kan kwantak ya gani da idonsa lokacin da ake haihuwar wuta, ya san me F ke nufi, don haka ko CDI aka kawo masa ya san ta inda zai bi. Tsohon babur allo ne. Shawarar Malam in aka bi ta, lalube zai ƙaru ne, domin ta ce a ƙone allon.

Gyaran ba shi da nisa. Ƙaramar mita ta awon wuta ba ta fi ƙarfin kowane gareji ba. Ga Accra Technical Training Centre nan a Kokomlemle, tun 1966 take koyar da sana'a, tafiyar ƙafa ce daga Nima. Ga Asusun Raya Zango da majalisa ta amince da dokarsa a 2017. Me zai hana a haɗa dattawan da suka san aikin da malaman da suka san mita, a riƙa zama da yaran gareji ko da yammacin Asabar ne? Ƙasar da ke da Suame Magazine a Kumasi da Kokompe a Accra ba ta rasa masu hannu ba.

Game da 'yan kwandam kuma, ina roƙon Malam ya sake tunani. Honda ya fito da CG125 a 1975 ne bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake loda wa babur kaya, ba a canza baƙin mai, ba a kai shi gareji sai ya faɗi. Don irinmu aka ƙera shi. Da yawa daga cikin baburan China da ke cika titunanmu yau a kan tsarin injinsa aka kwafe su. Wato Malam cewa yake a sayar da kaka a kan kilo don a sayo jika, saboda ruwa ya shiga ramin makulli.

Ɗan'uwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In damina ta kama, ka zo mu shiga lungun Maamobi tare da safe, ka zauna a benci ka ga yadda ake bin wuta tasha-tasha. Kai kuma mai tsohon babur, kafin ka ciro sidi ko ɗaya, ka tambayi bakanike me ya gwada, me ya gani, kuma me ya sa yake zargin abin da yake son canzawa. In ya amsa maka da hujja, ka biya shi ladan kansa ko da ƙusa ɗaya bai canza ba. Babur ɗin Kawu dai an mayar masa da kwantak ɗinsa na asali, kuma da shi ya je Idi bana.